Ajin C da Fom Talatin

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, ni ma a shekarar na rataye jakar tafiya. Na yi fiye da shekara talatin ina saya wa wani kamfani fatu da ƙiraga, ina kuma yi musu tafinta. Aikin ya zaunar da ni Maraɗi da Yamai, ya kai ni Kumasi da Abijan, na kuma yi 'yan shekaru a Sudan. A hanya na tsinci Faransanci da Larabcin kasuwa, na ɗora a kan Turancin da na fito da shi daga makaranta. Da jiki ya fara gajiya na dawo gidanmu na Ƙofar 'Yandaka, na tarar jikoki sun girma ban sani ba.

Babbarsu mace ce, ɗiyar ɗana na fari, wanda ke tuƙa babbar mota tsakanin Katsina da Legas, sai ya yi sati uku ba a gan shi ba. Tana aji shida na firamare. Ni ina ce mata amarya, ita tana ce mini angon da ba ya cefane. Abu ɗaya ta sa a ranta a lokacin: makarantar kwana ta 'yan mata, inda ake koyar da kimiyya. Wata ɗiyar maƙwabtanmu ce ta dawo hutu daga can da akwatin ƙarfe da farin takalmi, tun daga ranar yarinyar nan ba ta da wata hira.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a zaure, idona ya gaji, na miƙa mata jaridar Hausa na ce ta karanta mini. Ta karanta tsaf, har da gyaran murya irin na masu labarai a rediyo. Na ji daɗi, na miƙa mata ta Turanci. A layi na biyu ta tsaya. Ta sa yatsa a kan kalma tana harhaɗawa, ta wuce, ta sake tsayawa.

Na ce, "Amarya, aji shida fa kike."

Ta ce, "Shida C." Ta faɗe shi kamar ta gama bayani.

"To C ɗin ba aji ba ne?"

"Aji ne mana. Amma mu ba a ba mu fom."

A nan na fara jin maganar fom. Takarda ce da ake cike wa yaro kafin ya zauna jarrabawar shiga irin makarantar da take so. Kowace shekara ana aiko wa makarantarsu guda talatin. 'Yan ajin A ke kwashewa, in an samu ragowa a leƙa ajin B. Ajin C ko labarin ba a kai musu, sai dai su ga 'yan A sun zo da hotunan fasfo suna nuna wa juna.

Na tambayi uwarta yadda aka yi yarinya mai kai haka ta faɗa C. Surukata mace ce mai kunya, daga bayan labule ta amsa mini. Ta ce ranar da aka sa ta makaranta ina Abijan, uban yana hanya, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kai ta. An ajiye tebur a gindin bedi, malami yana rubuta sunaye. Ya yi wa yarinyar tambaya da Turanci, ba ta gane ba. Ya dubi ƙafarta, silifa ne. Ya tambayi tsohuwar sana'ar uban, ta ce direba ne. Ya rubuta C. Tana da shekara shida a lokacin. Daga wannan safiya har zuwa aji shida ba wanda ya sake duba maganar.

Washegari na tafi makarantar. Tsohuwar makaranta ce mai suna, tana tsakanin ganuwa da hanyar GRA, shi ya sa take tara kowa. Akwai 'ya'yan ma'aikatan sakatariya da ake saukewa a mota. Akwai 'ya'yan cikin birni, na marina da maƙera da mahauta. Akwai 'ya'yan Yarbawa teloli, da na Ibo masu sayar da kayan mota, da na Fulanin da ke shigowa daga bayan gari, da na Buzaye masu gadi. Lokacin tara sai ka ji harshe huɗu a fili ɗaya, in faɗa ya tashi kowa ya dawo Hausa.

Ajin A yana kusa da ofishin hedimasta. Benci ya ishi kowa, tagogi da ƙyaurensu, ga taswira a bango, yara uku na duba littafi ɗaya. Ajin C yana can ƙarshen gini. Rabin silin ya zube. Yara sun kusa ninka na A yawa, suna zaune a ƙasa suna rubutu a kan gwiwa. Allon ya koɗe har alli ba ya fita sosai, na baya sai sun taso sun leƙa su koma.

Na ga makarantu a ƙasashe da yawa, kuma ban ce na can aljanna ba ne. A Maraɗi na ga ajin da rumfar kara ce kawai, iska na shiga ta ko'ina. A Kumasi na ga malami yana zane yara a kan lissafi har raina ya ɓaci. Amma a rumfar Maraɗi ɗan mai unguwa da ɗan mai tura ruwa ƙasa ɗaya suke zaune, rana ɗaya ke dukansu, malami ɗaya ke gabansu. Ban taɓa ganin inda aka dubi takalmin yaro ɗan shekara shida aka yanke masa hukuncin shekara shida ba, sai a garinmu, inda muke alfahari da cewa mun riga kowa karatu.

Malamar ajin yarinya ce matashiya, a shekarar aka turo ta. Ita da bakinta ta ce mini an ba ta C ne don ba ta san kowa ba. Bayan mun gaisa na faɗa mata ko ni wane ne, sai ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Ashe a satinta na farko ta yi wa yaran shifta da ɗan lissafi, ta yage shafin kowa ta ajiye. Duk ƙarshen wata sai ta sake ba su irin aikin, ta haɗa sabon shafi da tsoho da allura da zare. Kowane yaro da ƙullinsa.

Ta zaro na jikata. Shafin farko, cikin kalmomi goma na Turanci biyu ta samu, lissafin rabawa kuwa ko taɓawa ba ta yi ba. Na buɗe na biyu, na uku, har na shida. A na shidan ta rubuta 'yar wasiƙa da Turanci, da kurakuranta, amma wasiƙa ce, ana gane abin da take nufi. Rabawa duk ta ci.

Malama ta ce, "Baba, ba ita kaɗai ba ce. Dubi wannan, ɗan mahauci ne. Da na zo ko sunansa ba ya rubutawa daidai. Dubi inda yake yanzu."

Na tambaye ta su wa suka koyar da su a baya. Ta yi ɗan murmushi, ta ce in tambayi yaran. Na tambaya. A aji biyu malaminsu yana da babur, da an yi tara sai ya fita kabu-kabu. A aji uku malamar ta yi doguwar jinya, ba a kawo madadinta ba. A aji huɗu ba su da malami ko ɗaya, monita ne ke tsayawa da bulala yana rubuta sunan masu surutu. Yaran suna ba ni labarin suna dariya, suna tuna wa juna. Ni kuwa ban yi dariya ba. Kuma duk ƙarshen zango a tara makaranta a fili, a kira na ɗaya da na biyu da na uku daga ajin A a tafa musu, a ce wa 'yan C su dage.

Daga nan na wuce ofishin hedimasta. Dattijo ne, na san shi da ido, masallacin Juma'a ɗaya muke zuwa. Ya miƙe ya ba ni kujera. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, ya tambayi yadda na baro mutanen Nijar, ya tambayi ɗan'uwana da suka yi makaranta tare. Sai da muka gama duk wannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya dafe kai. Ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, jikarka ce a C? Wallahi ba mu sani ba. Da mun sani ai da ba a yi haka ba."

Na ce, "Da kun san me, Malam?"

"Da mun san ɗiyar gidanku ce."

Ya jawo rajista yana buɗawa. Ya ce in kwantar da hankalina, gobe za a mayar da ita A, sunanta kuma zai shiga cikin talatin ɗin, ba sai kowa ya ji ba.

Ban taɓa jin kalmar girmamawa ta yi mini zafi kamar wannan ba. Bai tambayi ko ta iya karatu ba. Bai nemi ganin littafinta ba. Kuskuren da ya gani shi ne an sa jikar mutumin kirki a inda ake sa 'ya'yan mutane. Na ce masa, sauran fa? Ya dube ni da gaske bai gane ba. Ya ce haka suka tarar da tsarin, kuma yana aiki, ai duk shekara makarantar na fitar da sakamako mai kyau, domin 'yan A su ne masu ƙoƙari. Na ce to wa ya gwada 'yan C aka ga ba su da shi? Ya ce ai ba sai an gwada ba, ana gani.

Na yi masa godiya, na ce a bar ta inda take tukuna.

A lokacin gari ya cika da maganar 'yanci. Kowa da ka gani a bakin shago yana faɗin yanzu mulkin jama'a ne, kowa na da baki. Har ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar, wadda ta daɗe a kwance, an ta da ita an yi mata shugaba, wani darakta a sakatariya da ke zaune a GRA. Na nemi sanin ranar taro, sai na gano wani abu kuma. Takardar gayyata da Turanci ake buga ta, kuma 'yan A da B kaɗai ake ba su kai gida, wai 'yan C za su yar a hanya. Shekara da shekaru ana yanke shawara a kan yaran nan, iyayensu ba su ma san ana zama ba.

Malama ta faɗa wa yaran ranar da baki. Ni kuma na bi masallatan unguwa, na leƙa marina da rumfar mahauta, na faɗa wa duk wanda na san yana da yaro a can. Ranar Asabar da hantsi ajin da ake taron ya cika har waje. Darakta ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon mutane kamar ya yi ɓatan hanya.

Da aka zo kan sauran batutuwa na miƙe. Na ce ba na neman a ƙwace wa kowa komai. Abin da nake roƙo shi ne a yi wa duk 'yan aji shida gwaji ɗaya, A da B da C, talatin na farko su ɗauki fom. Na kuma faɗi yadda na ga ana yi a Maraɗi: yaro ya rubuta sunansa a kusurwar takarda, a naɗe kusurwar a liƙe, a ba takardar lamba. Mai dubawa ba ya sanin ta wa yake dubawa sai an gama ba da maki.

Darakta ya yi dariya. Ya ce, "Alhaji, Allah shi ƙara girma, amma nan ba ƙasar Faransa ba ce. Kowa da tsarinsa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, Maraɗi ta fi Kano kusa da nan."

Aka yi dariya. Ya gyara zama ya ce abin da yake tsoro shi ne a zubar da sunan makaranta, a ba fom ga yaran da za su je su faɗi. Sai wani mahauci, uban yaron da Malama ta nuna mini, ya ɗaga murya daga baya.

"Alhaji Darakta, ni in na je kara sayen sa, ba na tambayar sana'ar mai shi. San nake taɓawa. Ku taɓa yaran nan mana, in ba nama a jikinsu mu kwashe abinmu."

Wani Ibo mai shagon kayan mota, wanda ɗansa ke ajin A, ya miƙe ya ce shi ya yarda. Ya ce in ɗansa bai iya ba gara ya sani yanzu, tun yana da lokacin murɗe masa kunne. Wata Hajiya daga GRA ta ce wannan ai cin fuska ne ga malaman A. Aka yi ta ja. Can wani ya ce, ba an ce yanzu zamanin ƙuri'a ba ne? A ɗaga hannu a ƙirga.

Aka ɗaga. A bakin ƙofa akwai wani Buzu dogo da rawani. Daga baya na ji shi ne maigadin gidan daraktan, a ɗakin bayan gidan yake zaune da iyalinsa. Ɗiyarsa da ɗan daraktan ƙofa ɗaya suke fitowa da safe, a makaranta ɗaya ya yi A ɗaya ta yi C. Mutumin nan ya ɗaga hannunsa a gaban maigidansa. Darakta ya dube shi, shi kuma ya dubi silin, amma bai sauke hannun ba har aka gama ƙirga. Muka yi rinjaye da nisa.

Bayan sati biyu aka yi gwajin. Aka fito da bencinan A da B fili aka cakuɗa yaran. Ni na jiƙa ƙaro a gwangwani na kawo, da shi muka liƙe kusurwoyin. Wasu tsofaffin malamai biyu da suka yi ritaya, daga wata unguwa, su suka duba takardun. Ranar buɗewa muka zauna mu shida a ofishin hedimasta, ana tsaga kusurwa da reza ana kiran suna.

Ba zan ƙara gishiri ba. 'Yan A su suka fi yawa a sama, kuma dole su fi, shekara shida suna da malami da littafi. Ɗan daraktan ya zo na biyu, da guminsa. Amma cikin talatin na farko an samu 'yan C guda shida. Yaran da suka yi aji huɗu ba malami, waɗanda wata bakwai kacal suka samu wanda ya kula da su, sun tsallake fiye da rabin 'yan B da wasu 'yan A. Ɗan mahaucin ya zo na sha tara. Ɗiyar maigadi ta zo ta ashirin da shida. Jikata ta zo ta ashirin da takwas. Malama tana tsaye a bakin taga, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na miƙe zan tafi gida da albishir, sai hedimasta ya yi gyaran murya. Ya ce akwai abin da ya kamata mu sani. Fom talatin ne gaskiya, amma ashirin da biyar za a raba.

Na ce, "Biyar ɗin fa?"

Ya jawo aljihun tebur ya nuna mana. 'Yan takardu ne a ninke na manya masu neman a ba wasu yara fom, wasu ma a bayan katin gayyatar biki aka rubuta su. Ya ce, "Alhaji, da can mutum ɗaya ne ke aiko da irin wannan, in ya aiko an gama. Yanzu kowa da bironsa. Wanda ya ci zaɓe na aikowa, wanda ya yi masa yawon zaɓe na aikowa. In na ƙi, wata mai zuwa ka ji an tura ni ƙauyen da ko mota ba ta zuwa. Saura shekara biyu in yi ritaya."

Na yi faɗa a ofishin nan irin wanda ban taɓa yi a gaban mutane ba. Na ce mun tara iyaye, mun ɗaga hannu, mun sa yara sun yi gumi, ashe tun farko an yanke biyar an ajiye a aljihu. Na ce me ya hana a faɗa ranar taro? Na ce a buɗe takardun a ga yaran da aka rubuto, na nawa suka zo. Ba wanda ya buɗe. Darakta yana ta duba agogo, ya ce shi ba ya cikin wannan, ɗansa ai da kansa ya ci. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ba ni haushi.

Layin da aka ja a ashirin da biyar ya yanke 'yan C uku daga cikin shidan. Na yi ƙoƙarin sake tara iyaye, amma kwana huɗu ya rage a mayar da fom, mutane kuma sun koma neman abinci. Mu bakwai muka zo, muka zauna muka yi tsaki muka watse.

Da zan fita ranar da aka buɗe sakamakon, hedimasta ya biyo ni har gindin bedi. Ya rage murya ya ce cikin biyar ɗin huɗu ne aka riga aka yi alkawarinsu, ɗaya na nan. Ya ce zai ba jikata, don zumuncin da ke tsakaninsa da ɗan'uwana. Na ce Allah shi kiyaye, na juya. A gida na ba da labarin a tsakar gida da ƙarfi, yadda kowa zai ji, har da amsar da na ba shi. Jikata ta shige ɗaki. Uwarta tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Bayan kwana biyu, da safe, yarinyar ta shigo zaure da wankakken hijabi, fuska sai ƙyalli.

Ta ce, "Tashi, angon da ba ya cefane, yau dai za ka yi amfani. Kai ni a ɗauke ni hoto."

"Hoton me?"

"Na fom mana."

Na aika a kira mini uwarta. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Shekara goma sha uku tana gidan nan, ban taɓa ganin ta zo gabana ta yi mini magana ta wuce jimla biyu ba. Ranar ta yi.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Jiya na je wurin hedimasta."

"Da izinin wa?"

"Na faɗa wa Inna." Uwargidana take nufi. "Baba, kai ka ga duniya, ka san yadda ake yi a wasu ƙasashe. Ni ban wuce aji huɗu ba, ban san komai ba. Amma an ce talatin, ta zo ta ashirin da takwas. Ba na wani na ɗauko ba. Nata ne aka ɗauke, na je na karɓo."

Na ce, "Akwai wadda ta zo ta ashirin da shida. Tana gabanta."

"To ita ma sai uwarta ta je ta karɓo."

"Kin san ba za a ba ta ba. Ba su da wanda za a ji kunyarsa."

Ta ɗago kai. Sannan ta ce, "To mu muna da shi, Baba. Sunanka na kai."

Na sa hula na fita, ban ko karya ba. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa hedimasta. Zan ce masa ai a bayan idona ya bi ya shiga gidana. Zan ce ya mai da ni irin masu rubutu a bayan katin biki. Har yau in na tuna teburin gindin bedi, da monita mai bulala, da aljihun tebur ɗin nan, raina yana tafasa kamar jiya aka yi, kuma ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a kansu ba. Amma tun da na ɗauki alƙalami in rubuta, dole in rubuta har da abin da ya faru a ofishin da safen nan.

Na same shi shi kaɗai, fom ɗin a jere a gabansa. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba. Na ce ɗiyar maigadi ce ke da haƙƙin wannan gurbi kafin jikata, kuma ya sani. Na ce ya nemo wani fom, ko ya cire ɗaya daga cikin huɗun.

Bai yi gardama ba. Ya ce huɗun ba ya iya taɓa su, wani fom kuma babu, ya tambaya. Ya zaro na jikata daga cikin jerin ya ajiye a gabana. An rubuta sunanta da fensir, ba a bi da biro ba tukuna.

Ya ce, "Guda ɗaya ne a hannuna, Alhaji, kuma ga shi nan. In ka ce a goge a sa ɗiyar maigadi, yanzu zan goge. Kai nake jira."

Ya ɗauki abin gogewa ya riƙe. Ta taga ina jin 'yan wani aji suna maimaita lissafi da ƙarfi. Na dubi sunan. Sunan mahaifiyata aka sa mata, ga sunan ɗana a gefe, ga nawa a ƙarshe. Na san abin da ya kamata in ce, da Hausa ma, ba sai na nemo shi a wani harshe ba. Ya jira ni, kuma ya jira da yawa.

Na ce, "Bar shi."

Ya ajiye abin gogewa, ya ɗauki biro ya bi sunan harafi bayan harafi, ya buga hatimi. Ya ce a kawo hoto kafin azahar. Sannan ya ce, "Allah shi ba ta sa'a."

Na ce amin.